Autanmu ya cika ƙaƙale, ko aikin gwajin bututu da injuna zai karɓe shi?

Abban Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan autanmu. Ya gama ND a fannin injuna shekara biyu da suka wuce, kuɗin ci gaba bai samu ba, sai muka kai shi wajen wani mai walda da ke ƙera ƙofofi da tankuna a nan Kano. Wata bakwai ya yi, maigidan ya kira ni ya ce in zo in ɗauki yarona. Ba sata ya yi ba, ba rashin kunya ba. Wai ya cika ƙaƙale. A ba shi ƙofa ɗaya ya wuni a kanta da tef da sukwaya, ya ce kusurwa ta karkace da milimita uku, a warware a sake. Abin da ya kawo ƙarshen zaman shi ne ranar da ya hana a ɗora wani tanki a mota, domin ya ga ɗan layi kamar silin gashi a bakin waldar ƙasa, mai tankin kuma yana tsaye da kuɗinsa a hannu. Tun yana yaro haka yake, ko shimfiɗar tabarma ce sai ya daidaita ta da bango. Wani ya ce min akwai aikin da ake biyan mutum saboda wannan halin, masu gwajin bututun mai da injuna. Gaskiya ne? Ina ake koyo? Mahaifiyarmu ta damu ƙwarai.

Injiniya Na Fatakwal:
Wa alaikumus salam. Yaya, gaskiya ne, da shi nake ci da iyalina yau shekara tara. Sunansa a taƙaice NDT, wato gwada ƙarfe ba tare da an fasa shi ko an yanka shi ba. Layin nan da autanku ya gani, shi muke yawon nema daga safe har dare.

Hanyoyin da aka fi amfani da su biyar ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko duban ido ne da tocila da ƴan ma'aunan walda. Sai jan ruwa: ka wanke wurin tas, ka fesa wani jan ruwa mai ratsa ƙofa komai ƙanƙantarta, ka bar shi kamar minti 10 ko fiye, ka goge, sannan ka fesa farin gari. Idan akwai tsaga, jan zai tsotso ya fito a kan farin kamar jini a kan auduga. Sai na maganaɗisu, wanda ake barbaɗa garin ƙarfe ya taru a bakin tsaga, amma shi sai a ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa. Waɗannan ukun saman ƙarfe suke gani ko dab da shi. Cikin ƙarfe kuwa sai hoto, irin wanda ake ɗaukar ƙashi a asibiti, ko sauti. Sautin shi ne nawa. Na'ura ce ke aika ƙarar da kunne ba ya ji cikin ƙarfe, tana gudun kusan mita 5,900 a daƙiƙa ɗaya, in ta ci karo da rami ko tsaga ta dawo, ka ga amsarta a allo. Aikinka ka gane wannan amsar ta aibi ce, ko kuwa siffar waldar ce kawai ta mayar da sautin. A nan ake bambanta gwani da ɗan koyo.

Mai Walda Panteka:
Ni bari in faɗi tawa tun kafin a yi nisa. Shekara ashirin da uku ina riƙe da wayar walda, daga Panteka ta Kaduna har ayyukan bututu. Maigidan yaron nan bai yi laifi ba. Ƙofar gida ba ta mutuwa don milimita uku. Kuma a cikin masu duba aikin nan akwai waɗanda ba su taɓa kunna injin walda ba, yaro ya yi kwas na kwana biyar ya zo ya zana maka jan fenti a kan aikin da ka kwana kana yi, ka tambaye shi me ya gani ya kasa faɗa. Kada ku mayar da yaro irin waɗannan.

Abban Khairat:
Malam, ai ban zargi maigidan ba, mutumin kirki ne, har kuɗin mota ya ba shi. Amma maganar tankin fa?

Mai Walda Panteka:
Tanki daban. In tsaga ce da gaske a gindin tanki, yaron ya fi maigidansa gaskiya. Ba zan yi ƙarya a kan wannan ba.

Maman Ilham:
Sannunku da hira. Maganar Malam Mai Walda akwai abin ɗauka a cikinta, kada a wuce ta da sauri. Ni a ɗakin daidaita ma'aunai nake aiki, kuma na horar da yara da dama. Kula daban, waswasi daban. Mai kula yana tambaya: nawa aka yarda abin ya kauce? Mai waswasi kuwa so yake kada ya kauce ko kaɗan, kuma babu abin da hannun ɗan Adam ya ƙera da bai kauce ba. Kowane aiki yana da takardar ƙa'idarsa da ta ce rami mai girman kaza a wuce da shi, mai girman kaza a ƙi. Sufeto ba ra'ayinsa yake bi ba. Wanda ya ƙi aiki mai kyau ya yi ɓarna kamar wanda ya wuce da marar kyau, domin yanke walda a sake yana cin kuɗi da lokaci, kuma gyaran da aka yi ta maimaitawa a wuri ɗaya yana raunana ƙarfen. Saboda haka Abban Khairat, ku gwada autanku da wannan: in an nuna masa a rubuce cewa milimita uku an yarda da ita a wannan aikin, zai iya sa hannu ya kwanta ya yi barci? In zai iya, an haife shi don wannan sana'a. In zuciyarsa za ta yi ta cinsa, to sai ya fara koyon wannan kafin komai.

Gaskiya Ɗaya:
Ku daina ɗora wa mutane buri. Waɗannan ayyukan na kamfanonin mai ne, kamfanonin mai kuma Legas da Fatakwal da Warri suke. Ɗan Kano marar kowa ya tara kuɗi ya yi kwas, ya dawo ya ajiye satifiket a ƙarƙashin katifa. Na ga irinsu.

Baba Sufeto:
Assalamu alaikum. Jikata ce ta nuna min wannan zancen ta ce in sa baki, ita ke rubuta min. Na yi ritaya bayan shekara talatin da ɗoriya ina duba tankuna da tukwanen tururi da bututu.

Ɗana Gaskiya Ɗaya, rabin maganarka haka take. Mafi yawan kamfanonin gwajin suna kudu, kuma wanda ba zai iya barin gida ba zai sha wuya a farko. Amma aikin ba a kudu kaɗai yake ba. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a 2020 tsawonsa kilomita 614 ne, faɗinsa inci 40. Sandar bututu ɗaya kamar mita 12 ce. Ka yi lissafi da kanka, mahaɗa ta haura dubu hamsin, kuma bututun gas ba a binne mahaɗarsa sai an gwada ta. Bayan an gama ma ba a gama ba, domin tsatsa ba ta hutu. Akwai matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, akwai masana'antun siminti a Sakkwato da Ashaka da Obajana, akwai na sukari, akwai tashoshin wuta na Kainji da Jebba da Shiroro, akwai defo-defo na mai da tashoshin cika gas da suka cika garuruwanmu yanzu. Duk inda aka matse iska ko tururi ko mai a cikin ƙarfe, akwai buƙatar wanda zai auna kaurin ƙarfen nan lokaci zuwa lokaci.

Abin da nake so in gaya wa Abban Khairat ba wannan ba ne ma. Ido mai kyau ba wuyar samu gare shi ba, na horar da yara da yawa masu idon shaho. Abin da ke wuya shi ne hannu, wato sa hannu. Za a wayi gari ka gano aibi, ɗan kwangila yana asarar kuɗi kowace awa, manajan da ya girme ka yana tsaye a kanka, ga motoci sun yi layi, a ce maka ɗan ƙaramin abu ne, sa hannu mu wuce. Wani lokaci da lallashi, wani lokaci da ambulan, wani lokaci da barazanar ba za a sake kiran kamfaninku ba. Ni an taɓa cire ni daga wani aiki saboda na ƙi wuce da gindin tankin da tsatsa ta ci ya koma ƙasa da kaurin da ƙa'ida ta yarda. Wata huɗu ina zaune a gida, matata na sayar da kayan ɗakinta muna ci. Yaron da ya iya tsayawa a gaban maigidansa da mai tanki ya ce kada a ɗora, yana da abin da ba a koyarwa a aji. Wannan ne ya sa na ce a rubuta min.

Abban Khairat:
Allah ya ƙara girma Baba, ya saka da alheri. Wallahi jikina ya yi sanyi. Mu a gida faɗa muka yi masa a kan tankin nan.

Malam Na Zaure:
Baba ya tuna min da hadisin da Muslim ya ruwaito. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi. Ya tambayi mai shi, ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ku lura, bai tsaya ga abin da ke sama ba, hannu ya sa ciki. Ga kuma Suratul Muɗaffifina a kan masu tauye mudu. Sana'ar da aikinta shi ne tona abin da aka ɓoye a cikin kaya don kare rayuka, ban ga abin da za a ce mata ba sai alheri, matuƙar mai yinta bai sayar da sa hannunsa ba. In ya sayar kuwa, shaidar zur ce a rubuce.

Injiniya Na Fatakwal:
Bari in koma kan tambayar ina ake koyo, domin a nan ake damfarar mutane. Matakai uku ne. Mai mataki na 1 yana gwaji bisa umarnin da aka rubuta masa, ba ya yanke hukunci. Mai mataki na 2 shi ke fassara abin da aka gani ya ce ya wuce ko bai wuce ba, ya sa hannu a rahoto. Mai mataki na 3 shi ke rubuta tsarin aikin ya horar da sauran. Kuma kowace hanya da satifiket ɗinta, don kana mataki na 2 a jan ruwa ba ka zama komai ba a sauti.

Satifiket ɗin iri biyu ne, a riƙe wannan da kyau. Akwai na tsarin Amurka da ake kira SNT-TC-1A, wanda kamfanin da kake wa aiki ne ke ba ka, ranar da ka bar shi kuma ƙarfin takardar ya ƙare sai sabon kamfani ya sake tabbatar da kai. Akwai na tsarin ƙasa da ƙasa da ake kira ISO 9712, irin takardar PCN ta Ingila, wanda hukuma mai zaman kanta ke yi maka jarrabawa, takardar taka ce duk inda ka je, ana sabunta ta bayan shekara biyar. Na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba, domin farashinsa na bin fam da dala, amma shi ne ke buɗe ƙofar manyan ayyuka har ƙasashen Larabawa. Kuma ba a ba ka shi don ka zauna a aji kawai, sai ka nuna watannin da ka yi kana aiki a ƙarƙashin mai satifiket. Na sauti da na hoto suna neman kamar ninki uku na lokacin da jan ruwa da maganaɗisu ke nema. Duk wanda ya ce maka a mako guda zai ba ka mataki na 2 a hanyoyi biyar, takarda yake sayarwa. Su ne yaran da Malam Mai Walda ke kuka da su.

Shawarata, kada ya fara da kwas. Ya nemi shiga kamfanin gwaji a matsayin yaron aiki, mai ɗaukar kaya da goge walda da jan waya, yana rubuta kwanakin aikinsa a littafi ana sa masa hannu. In HND ta samu, makarantar horar da ma'aikatan mai ta PTI da ke Effurun a jihar Delta tana da fannin walda da ƙira, kuma kamfanoni sun san ta.

Gaskiya Ɗaya:
To shiga kamfanin a matsayin yaron aikin ma ai sai da hanya. Abin da nake faɗa ke nan.

Injiniya Na Fatakwal:
Ban musa ba, sanayya tana aiki. Amma wannan fannin yana da abu ɗaya da aikin ofis ba shi da shi. Kafin a bar ka ka taɓa bututun babban kamfani, sau da yawa sai an ajiye maka guntun ƙarfe mai ɓoyayyun aibobi a ciki an ce nemo su, ka faɗi inda suke da tsawonsu. Kawunka ba zai iya nemo maka ba. Hanya tana kai mutum bakin ƙofa, ƙarfen nan ne ke cewa ya shiga ko ya koma.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu ma nan abin ya shigo mana tun da aka buɗe matatar SORAZ a 2011, ganga 20,000 a rana. Sai kuma babban bututun da ya tashi daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, wanda aka fara lodin mai ta kansa a 2024. Abin da ke min ciwo shi ne yaranmu sun fi yawa a haƙa da gadi da tuƙi, masu riƙe na'urar gwaji kuwa galibi baƙi ne. A ɓangarenmu takardar COFREND ta Faransa aka fi sani, ita ma kan ISO 9712 take. Wanda ya haɗa Faransanci da Ingilishi da wannan sana'a ba zai rasa inda zai sa kansa ba tsakanin Nijar da Chadi da Kamaru.

Hajiyar Gwammaja:
Ni uwa ce, bari in tambayi abin da mahaifiyarsu za ta tambaya. An ce masu ɗaukar hoton bututun nan ba sa haihuwa, wai hasken yana ƙone su. Gaskiya ne? In haka ne gara ya koma ƙera ƙofa.

Baba Sufeto:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take, kuma ba zan rufe miki komai ba. Na yi aikin hoto shekaru, ƴaƴana tara, jikoki ban ƙirga ba. Amma abin yana da haɗari na gaske ga wanda ya raina shi. Abin da ake amfani da shi wani ɗan ƙarfe ne da bai kai ƙwayar gero uku ba, sunansa iridiyum 192, yana zaune a cikin tukunya mai nauyi da ke tare haskensa. Ba a ganin hasken, ba a jin zafinsa, ba shi da wari. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk kwana 74, shi ya sa ake ta sauya shi. A ƙasar Peru a 1999, a wani aikin tashar wutar lantarki ta ruwa a Yanango, irin wannan ƙwayar ta faɗo ba a lura ba, wani mai walda ya tsinta ya sa a aljihun wandonsa na baya ya ci gaba da aiki na awoyi. Sai da aka yanke masa ƙafa. Da mai hoton ya bi ƙa'ida ɗaya, wato ya auna tukunyar da mitar da ke gano hasken bayan kowane ɗauka don ya tabbatar ƙwayar ta koma gidanta, da hakan bai faru ba.

Kariya uku ce: rage lokaci, ƙara nisa, sa shamaki. In ka ninka nisanka, abin da ke isowa gare ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kowane ma'aikaci yana rataye ɗan baji da ke ƙirga abin da jikinsa ya sha, iyakar da aka sa wa ma'aikaci kuwa milisibat 20 ce (ma'aunin hasken da jiki ya sha ke nan) a shekara in an daidaita a kan shekara biyar. A Najeriya hukumar NNRA ce ke ba da lasisin mallakar waɗannan abubuwa. Kamfanin da bai ba yaro baji da mita ba, ya ajiye musu aikinsu ya dawo gida ko da bai da na mota. Amma ki lura Hajiya, wannan ne wurin da mai ƙaƙale ya fi kowa tsira. Masu gaggawa da masu cewa ai mun saba, su abin ke ci.

Hajiyar Gwammaja:
Allah ya tsare. Na gode Baba. Amma dai ni in ɗana ne, sautin nan zan ce ya yi.

Maman Ilham:
Kuma ba dole sai bututu ba, kada zancen ya tsaya a mai da gas. Aikinmu na daidaita ma'aunai a ɗaki mai sanyi ake yinsa, awon tsawo ma a digiri 20 ake yi domin ƙarfe yana miƙewa da zafi. Ana kawo mana agogon matsin iska, da sikeli, da ma'aunin zafi, da sifanar da ke auna ƙarfin ɗaure noti. Mu gwada su da namu ma'aunin da ya fi su inganci, namu kuma an gwada shi da wanda ya fi shi, haka sarƙar take tafiya har ta kai ma'aunin duniya. In ta tsinke a wuri ɗaya, duk takardun da ke ƙasa sun zama banza. Ɗakin gwajin da ke son a yarda da shi sai ya cika sharuɗɗan ISO 17025. Hukumar SON tana da cibiyar awo ta ƙasa a Inugu, akwai sashen awo da ma'auni a ma'aikatar ciniki ta tarayya masu duba sikelin manyan motoci da na kasuwa, hukumar NEMSA kuma tana da tashar gwajin mitar wuta a Kaduna. Ku tuna buhun da ake aunawa a Dawanau, da litar gidan mai, da na'urar awon jini a asibiti. Sikelin da ya kauce da kaɗan, in an auna tirela ɗari a kansa, haƙƙin wani ne ya tafi.

Na faɗi wannan ne kuma don ƴan mata da ke karantawa. Ba hawa tanki, ba kwana a daji, lissafi ne da natsuwa da rubutu mai tsabta.

Ummu Sumayya:
Anti, ni kimiyyar lissafi da fiziks na karanta, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Zan iya shiga ko sai injiniya?

Maman Ilham:
Ƙanwata, ke kika fi dacewa ma. Abin da ke kayar da injiniyoyi a wajenmu shi ne lissafin iyakar kuskuren awo, ke kuwa kin riga kin san shi. Ki fara karanta ISO 17025 ɗin, ki nemi ɗakin gwaji na masana'antar abinci ko magani ko siminti ki roƙi ko da aikin sa kai ne na ƴan watanni.

Autan Hajiya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ne wanda ake magana a kansa, Yaya ya ba ni wayarsa na karanta duka. Anti Maman Ilham, na yi tunanin tambayarki. Gaskiya a kan ƙofar nan ba wanda ya taɓa gaya min nawa aka yarda ta kauce, shi ya sa nake neman daidai. Da an ce min uku ta wuce, ina jin zan bari, ko da raina bai so ba. Tankin kuwa ko yau aka sake ba zan ce a ɗora ba. Tambayata ga Baba: in mutum ya duba da iyakar ƙoƙarinsa amma aibin ya kuɓuce masa, aka yi asarar rai, yaya zai yi da ransa? Wannan ne ke ba ni tsoro fiye da hasken.

Baba Sufeto:
Ɗana, wanda bai ji wannan tsoron ba bai kamata a ba shi na'ura ba. Kuma yana faruwa. A Yulin 1989 wani jirgin DC-10 na kamfanin United ya faɗi a Sioux City ta Amurka, mutum sama da 110 suka rasu cikin 296. Faifan farfelar injin wutsiya ne ya tarwatse a sama. Da masu bincike suka tsinto gutsattsarinsa, sai suka tarar da ragowar ruwan gwaji a cikin tsagar. Ma'ana tsagar tana nan lokacin dubawa ta ƙarshe, ruwan ya shige ta kamar yadda ya kamata, idon mai duba ne bai kai kanta ba. Tsawonta a lokacin kamar rabin inci ne.

Ban kawo wannan don in ƙara maka tsoro ba. Abin da aka koya shi ne ba a dogara da kaifin idon mutum ɗaya. Shi ya sa ake da tsarin aiki a rubuce, ake daidaita na'ura da ƙarfen gwaji kafin a fara da bayan an gama, ake auna hasken wurin, ake hana mutum duba abu awoyi a jere ba hutu, ake sa wani ya bi bayan wani a wurare masu haɗari. Kai abin da ke wuyanka shi ne ka bi matakan nan ba tsallake, ka rubuta abin da ka gani, ka kuma rubuta inda ba ka iya kaiwa ba. Wannan na ƙarshen yara ke jin kunyarsa. In ƙarfe ya tare ka ba ka duba wani yanki ba, rubuta cewa ba a duba ba. Wanda ya yi haka ya sauke nauyinsa a wajen Allah da wajen mutane. Wanda ya cike fom a cikin mota bai je wurin ba, shi ne ba shi da abin faɗa.

Mai Walda Panteka:
Yaro, amsarka ta shige ni. Ga tawa gudummawar. Kada ka yar da waldar da ka fara. Sufeton da ya taɓa riƙe waya ya san inda aibi ke ɓuya, ya san wurin da mai walda ke tsayawa ya sauya waya, ya san ƙasan bututu inda hannu ke gajiya. In ya ce maka a yanke, zai gaya maka dalili, ba ka jin haushi. Irinsu muke girmamawa. Kuma takardar sufeton walda ta CSWIP 3.1 ma ba a ba mutum sai ya yi shekaru a cikin aikin, Injiniya ya gyara min in na yi kuskure.

Injiniya Na Fatakwal:
Haka ne Malam. Su ma takardun sufeto na API, wato cibiyar harkar man fetur ta Amurka, 510 ta tukwanen matsi da 570 ta bututu da 653 ta manyan tankuna, suna neman shekara ɗaya zuwa biyar gwargwadon karatun mutum. Waɗannan na gaba ne, kada ya sa su a kai yanzu.

Auta, kafin Yaya ya kashe ko sisi, ka je asibitin ido. Ƙa'idar aikin ta ce sai kana iya karanta ƙananan haruffan allon Jaeger na lamba 1 daga nisan da bai gaza santimita 30 ba, ko da ido ɗaya ne, ko da tabarau, kuma duk shekara ake sake wannan gwajin. Sannan a duba ko kana bambance launuka. Na san wanda ya biya kuɗin kwas kafin ya gano ja da kore suna rikice masa. Sai ka gyara Ingilishinka na rubutu, domin rabin aikin rahoto ne. Ka kuma shirya wa zafin cikin tanki da hawa sama da aikin dare, ga shi aikin kwangila ne, wata uku ana yi wata biyu ana zaune, sai mai iya tattali.

Gaskiya Ɗaya:
To wannan na ƙarshen shi nake so a faɗa tun farko. In ya san da zaman jiran, shi ke nan. Allah ya ba shi sa'a.

Abban Khairat:
Amin. Allah ya saka wa kowa da alheri, musamman Baba da jikarsa da ta sha rubutu. Na karanta wa Hajiyarmu, ta ce sauti ko ɗakin ma'auni, ban da hoto, kuma ta ce a ba Auta haƙuri kan faɗan tankin. Ranar Litinin zan kai shi gwajin ido. Malam Mai Walda, in ba damuwa, zai iya zuwa Kaduna ya zauna a wajenka kafin mu samu kamfanin da zai ɗauke shi?

Mai Walda Panteka:
Ya zo. Akwai guntayen bututu da na ajiye na gwajin yara, wasu na san abin da ke cikinsu domin da gangan na ɓata su. Ya taho da takalmin aiki da tocilarsa.